Shin tsawon rai gado ne?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

In aka ga dattijo ya haura shekara 90 yana zuwa masallaci da ƙafarsa, sai ka ji ana cewa, "Ai su gidansu haka suke, gado ne." Ajali dai na Allah ne, babu mai ja a kan wannan. Amma sababan da ke sa jikin wani ya riga na wani lalacewa abu ne da ake iya aunawa, kuma masana sun auna.

A 1996 masu bincike a Denmark suka bi bayanan haihuwar tagwaye 2,872 da aka yi tsakanin 1870 da 1900. Suka kwatanta tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya da waɗanda kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙani ba. Suka samu cewa gado bai ɗauki fiye da kusan kashi 25 cikin 100 na bambancin tsawon rai ba. A 2018 kamfanin Calico na Amurka ya duba salsalar mutum sama da miliyan 400, ya ce rabon gado bai ma kai kashi 10 ba. Hujjarsu ta ja hankalina: tsawon ran mutum yana tafiya har da na surukansa, waɗanda bai haɗa jini da su ba. Ke nan abin da muke kira gado, da yawansa abinci ne, da wadata, da ilimi, da irin gidan da mutum ya yi aure. Sai a can ƙurewar shekaru jini ke nuna ƙarfinsa. Binciken Thomas Perls a Boston ya nuna cewa namijin da ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya cika shekara 100 ya ninka sa'o'insa sau 17 wajen yiwuwar kaiwa 100, mace kuma sau 8.

To me ke faruwa a cikin jiki? A 1961 Leonard Hayflick ya reni ƙwayoyin jikin ɗan'adam a ɗakin gwaji a Philadelphia, ya ga suna rabuwa kamar sau 50, daga nan su tsaya. Daga baya aka gano dalili. A bakin kowane zaren DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwaya, akwai wani sashe da ake kira telomiya, aikinsa kamar kalmasar bakin zane ne, yana hana zare warwarewa. Duk rabuwar da ƙwaya ta yi sai ya ragu, in ya yi gajarta ƙwayar ta daina rabuwa. Ba lallai ta mutu ba, takan zauna tana fitar da sinadaran da ke sa kumburi, suna cutar da maƙwabtanta. Elizabeth Blackburn da ɗalibarta Carol Greider suka gano sinadarin da ke ƙara wa telomiya tsawo, kuma a 2009 su da Jack Szostak suka karɓi kyautar Nobel.

Mai sauraro zai ce, to a ɗura mana wannan sinadari mana, a huta. A nan gizo ke saƙar. Kusan kashi 9 cikin 10 na ciwon daji da wannan sinadarin suke samun damar yaɗuwa ba iyaka. Tsayawar da ƙwaya ke yi, wadda ke tsufar da mu, ita ce kuma ke tare ciwon daji tun muna matasa.

Sai zancen tsutsa. A 1993 Cynthia Kenyon a San Francisco ta sauya ƙwayar gado, wato wani guntun DNA, ɗaya tak a jikin wata 'yar tsutsa da ba ta wuce mako uku a duniya, sai rayuwarta ta ninka. Wannan ƙwayar gado tana kan hanyar da jiki ke karɓar saƙon insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, da saƙon girma, kuma mu ma muna da irinta. In saƙon ya yi ƙasa, jiki kan rage gini ya koma gyara. Akwai mutanen da aka haifa a haka. A kudancin Ekwado akwai wasu iyalai masu lalurar Laron, jikinsu ba ya amsa sinadarin girma, tsayinsu kan tsaya wajen mita ɗaya da 'yan kai. Rahoton 2011 a kan kusan mutum 100 daga cikinsu bai samu mai ciwon suga ko ɗaya ba, ciwon daji kuwa mutum ɗaya. Amma ba su fi danginsu tsawon rai ba, haɗura da shan giya da wasu cututtukan suka ɗauke su.

Shi ya sa nake jin takaici in na ji mai talla a kasuwa ko a Facebook yana cewa maganinsa yana mayar da tsohuwa yarinya. Maganin da ya fi kafa hujja zuwa yanzu, rapamaisin, a 2009 ya ƙara wa ɓeraye kashi 9 zuwa 14 cikin 100 na kwana, kuma magani ne mai danne garkuwar jiki, ana ba wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Kamfanin Altos Labs ya fara aiki a 2022 da dala biliyan 3 a kan sabunta ƙwayoyin jiki. Duk da haka, babu magani ko ɗaya da aka tabbatar yana jinkirta tsufan ɗan'adam. Hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya umarce mu da neman magani, ya ce kowace cuta tana da nata, ban da tsufa. Abin da kimiyya za ta iya nema da gaskiya shi ne rage cututtukan da ke rakiyar tsufa.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Akwai ƙwayar gado mai suna APOE, tana aikin jigilar kitse a jini da ƙwaƙwalwa. Wani nau'inta, na huɗu, shi ne mafi girman haɗarin gado da aka sani ga cutar mantuwa ta Alzheimer da ke zuwa da tsufa. A cikin Turawa, wanda ya gaje shi daga uwa ko uba haɗarinsa kan ninka kusan sau 3, wanda ya gaje shi ta ɓangare biyu kuwa wajen sau 10. An ɗauka haka abin yake ga kowa.

A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana suka fara bin tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a wuri biyu: Yarbawa a Ibadan, da baƙaƙen fatar Amurka a Indianapolis. Hanyar gwaji ɗaya, tambayoyi ɗaya. Sakamakon 2001 ya nuna cewa sababbin masu kamuwa da cutar a Ibadan ba su kai rabin na Indianapolis ba. Nau'in na huɗu yana nan da yawa a jinin mutanen Ibadan, amma illarsa ta yi rauni ƙwarai. An duba ko bambancin abinci da ƙarancin kitse a jini ne dalili. Daga baya wasu masu bincike suka nuna cewa DNA ɗin da ke maƙwabtaka da wannan ƙwayar, in asalinsa na Afirka ne, yana rage mata kaifi. Ƙwayar gado ɗaya ce, amma aikinta ya danganta da jinin da take ciki da rayuwar da mai ita ke yi.

Wannan sakamako ya isa ya hana mu kwaso binciken wasu mu shafa wa kanmu. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin jini. A 2020 shirin H3Africa, mai binciken gado da lafiya a Afirka, ya karanta DNA ɗin mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya samu sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Abin da aka gani a Ibadan ma ba za a ce shi ne na Katsina ko Damagaram ba sai an duba. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin da za su iya wannan aiki, kuɗi da tsari suke buƙata, da yardar tsofaffin bayan an yi musu bayani da harshensu, da sharaɗin cewa jinin da aka ɗiba ba zai tafi waje a bar mu da labari ba.

Akwai kuma cikas na gida. Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122, an karɓi shekarunta ne don akwai takardar haihuwarta ta 1875 da rajistar ƙidaya da ta bi ta har tsufa. Mu kuwa dattijo zai ce an haife shi zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. Tazarar shekara 27 ke nan, babu mai binciken da zai iya gina hujja a kanta. Jaririn da za a raɗa wa suna gobe da safe, mahaifinsa ya wuce ofishin Hukumar Ƙidaya ya karɓo masa takardar haihuwa kafin a gama rabon naman suna.