Darasin Yoga: Motsi Biyu Don Masu Ciwon Ƙugu

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau motsi biyu kawai za mu yi. Ku shimfiɗa tabarma a ƙasa mai tauri, ban da katifa, kuma ku bari sai kun yi awa biyu da cin abinci.

Na farko shi ne bhujangasana, wato ɗaga ƙirji irin na gamsheƙa. Ku kwanta rubda ciki, ku dafa ƙasa daidai ƙarƙashin kafaɗu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Ku shaƙi iska ta hanci, ku ɗago ƙirji sannu a hankali, mara tana nan a ƙasa. Inda ake ɓata shi, mutum ya tura da ƙarfin hannu har ya miƙe zam, sai nauyin ya taru a ƙasan gadon baya, gobe ya tashi da ciwo. To ku gwada, ku ɗan ɗage tafukanku daga ƙasa. Inda ƙirji ya tsaya da kansa, nan ne iyakarku. Kada ku ɗage kai sama, ku kalli gabanku. Numfashi biyar, ku sauka, sau uku.

Daga nan sai balasana. Ku durƙusa, ku zauna kan dugadugai, ku miƙa hannu gaba, goshi a ƙasa, minti ɗaya zuwa biyu. In gwiwa na ciwo, a sa matashi tsakanin cinya da ƙwauri. Mai juna biyu, da mai ƙaba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su dakata sai likita ya amince.

Batun natsuwa kuwa, a tsarin da masanin Indiya Patanjali ya shimfiɗa, yoga matakai takwas ce. Motsin jiki ne na uku, sarrafa numfashi na huɗu. Manufar ita ce jiki ya daina damun mutum in ya zauna tunani. Ku shaƙa kuna ƙirga huɗu, ku fitar kuna ƙirga shida. Tsawaita fitar numfashi na rage bugun zuciya, hankali ya kwanta.

Akwai masu haɗa yoga da rera kalmomin ibadar Hindu, abin da ya sa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yin ta a 2008. Mu nan motsi da numfashi kaɗai muke koyarwa.

To, a koma rubda ciki, zagaye na biyu.