Fodkas: Tsohuwar a-kori-kura mai lodi, ta ina ake fara ƙara mata ƙarfin birki?

Nura: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar birki za mu yi, birkin tsofaffin manyan a-kori-kura irin su Ford F-250 da F-350 da Dodge Ram 2500, waɗanda injinsu har yanzu garau yake amma da ka ɗora musu lodi ka hau gangara sai gabanka ya riƙa faɗuwa. Muna tare da Hadiza, ga kuma Baba Isa, bakanike ne da ya daɗe a kan manyan motoci. Baba sannu da zuwa.

Baba Isa: Yauwa Nura, sannunku dai.

Hadiza: Baba bari in fara da abin da aka fi tambaya. Mutum motarsa ba ta tsayawa yadda yake so, ya shiga intanet ya ga manyan dis, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, da kalifa, abin da ke matse dis ɗin, mai fistin huɗu ko shida, ya saya kawai ya ɗaura?

Baba Isa: A'a 'yata, kar ya fara daga nan. Yawancin motocin nan da ake cewa birkinsu ya yi kaɗan, ba kaɗan ya yi ba, lalacewa ya yi a hankali mai motar ya saba da shi a haka. Ka fara maido da abin da kamfani ya sa mata tukuna, sannan ka ga ko akwai sauran magana. Kuma ku riƙe abu ɗaya, aikin birki shi ne ya maida gudu ya zama zafi. In ka ninka nauyin mota duka da lodinta zafin ya ninku, in kuwa gudu ka ninka, toh sau huɗu zai ninku. Duk wani gyara da za mu faɗa yau maganar zafin nan ce, ina zai je, wa zai jure shi.

Nura: Shi ya sa kenan a doguwar gangara ake cewa birki ya shanye.

Baba Isa: Eh, amma shanyewar iri biyu ce kuma ya kamata direba ya iya bambancewa. In ka taka feda ka ji ta da tauri yadda ka saba amma mota ba ta tsayawa, ga warin ƙauri na tashi, fad ne, wato abin da ke gogar dis, ya yi zafi fiye da ƙarfinsa. In kuma fedar ta yi laushi ta nutse har ƙasa, wannan man birki ne ya tafasa a cikin kalifa, tururi ya shiga layi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi ba ya tura komai.

Hadiza: Man birkin nan ni shi na ga an fi rainawa wallahi. Yana jan danshi daga iska, irin man da ake kira DOT 3 in yana sabo ana buƙatar kar ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 140. DOT 4 kuma 230 ne sabo, 155 in ya jiƙe. Ka ga tazarar ba ƙarama ba ce, kuma mutum sai ya shekara goma yana ƙari kawai bai taɓa juyewa ba.

Baba Isa: Allah ya yi miki albarka. Ka buɗe tankin masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi, ka ga man ya yi baƙi ƙirin maimakon ruwan zuma-zuma, ai magana ta ƙare, a juye shi duka a yi bilidin, wato a fitar da iska daga layi, a fara da tayar da ta fi nisa da masta. Duk shekara biyu ya kamata. Sai dai a kiyaye, DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da 3 ko 4, wanda ke haɗuwa da su shi ne DOT 5.1.

Nura: Toh bayan mai sai me?

Baba Isa: Tiyo na roba da ke zuwa taya. Daga waje za ka gan shi lafiya lau, amma ciki ya kumbura, ka taka birki maimakon ƙarfin ya je kalifa sai tiyon ya buɗe ya shanye wani. Wani ma yana barin mai ya tafi ya hana shi dawowa, taya ɗaya ta riƙa kamawa tana zafi. Masu saƙar ƙarfe a jiki sun fi, feda takan yi tsaf. Sannan fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai, wannan kam na sha gani, ka ciro fad biyu daga taya ɗaya, na ciki ya cinye har ƙarfe yana cin dis, na waje kuwa da sauran namansa sosai, fil ne ya yi tsatsa ya ƙame, rabin birki kenan kake tafiya da shi. A goge a sa giris ɗin birki mai jure zafi, ba giris na gama-gari ba don yana kumbura roba.

Hadiza: Baya fa Baba? Don Ford sai a samfurin 1999 da suka fito da Super Duty suka sa dis a duka tayoyi huɗu, na kafin nan yawanci doram ne a baya, wato birki mai kamar kwano da ake matsa daga ciki.

Nura: Ni fa a ganina nan ne gyaran gaske yake, a cire doram a sa dis a huta. Dis ya fi saurin hucewa, ya fi sauƙin dubawa, ruwa ma in ya shiga nan da nan yake bushewa.

Baba Isa: Duk gaskiya ka faɗa ɗana, ban ƙi ba. Amma doram ɗin manyan motocin nan babba ne, yana da ƙarfi in an saita shi. Matsalarsa ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke matso da lainin, wato abin da ke gogar cikin doram, kusa da shi, yana tsatsa ya daina juyawa, lainin ya yi nisa, feda ta yi tsawo, gaba ya riƙa ɗaukar aikin shi kaɗai, dama can gaba ne ke yin kaso mafi yawa. In ma za ka canza zuwa dis, ba ɗaurawa kawai ba ne, kalifa ta fi cin mai saboda haka masta na iya yin kaɗan, bawul ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya shi ma sai an duba, in ba haka ba ranar da motar ba lodi ka taka da ƙarfi baya ya kulle ta juya da kai. Ga birkin hannu, wasu kayan canjin nasu ba ya riƙe mota mai nauyi a kan tudu, wannan kuwa ba abin wasa ba ne.

Nura: Na yarda da maganar birkin hannu, amma ga mai jan tirela kullum har yanzu ina ganin dis ya fi.

Baba Isa: In zai yi aikin cikakke, bismillah. Amma tirela mai nauyi dole ta zo da nata birkin, babu gyaran da zai sa a-kori-kura ta tsayar da nauyin mota biyu ita kaɗai. Kuma a gangara a sauko da giya inji ya riƙe, a taka a saki, kar a kwantar da ƙafa a kan feda.

Hadiza: Ina son a taɓo sabo, wato na'urar da ke taimaka wa ƙafa wajen taka birki, don masu dizal suna kukan feda ta yi musu tauri.

Baba Isa: Injin dizal ba ya samar da zuƙar iskar da sabo ke aiki da ita, sai an sa masa famfo na musamman, shi kuma yana gajiya. Akwai Hydroboost da ke amfani da ƙarfin famfon sitiyari, taimakonsa ya fi, da yawa suna komawa gare shi. Amma a sani ƙafarka yake sauƙaƙa wa, zafin da ke taya yana nan yadda yake.

Nura: Fad da dis kuma wanne za a zaɓa?

Baba Isa: Mai lodi ya nemi fad mai haɗin ƙarfe, yana ƙura yana ɗan ƙara amma yana jure zafi. Dis mai huji-huji ban so shi a motar aiki, yana tsagewa daga bakin hujin, gara lafiyayye mai kauri ko mai zane. Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a rubuce yake a jikin dis, a auna. Wanda ya sa manyan tayoyi ya sani ya rage wa birkinsa ƙarfi da hannunsa, mai son babbar kalifa kuma ya fara gwada ko za ta shiga wili mai inci 16.

Hadiza: In an gama ɗaurawa shikenan sai lodi?

Baba Isa: Tukuna. A samu hanya da ba kowa, mota ba kaya, a ɗan yi gudu matsakaici a taka birki ta rage sosai amma kar ta tsaya cak, a maimaita kamar sau takwas zuwa goma, sannan a yi ta tafiya a hankali har ya huce. In ka tsaya ka danne feda dis na da zafi fad zai bar tabo a wuri ɗaya, daga nan ne sitiyari ke fara rawa in an taka birki.