Mutum 126 da ƙofofi a kulle: ziyarata filin wasa na Accra

Assalamu alaikum, masu kallo. Ina tsaye a unguwar Osu, a gaban babban filin wasan ƙwallon ƙafa na Accra, kuma raina a ɓace yake. Matashin direban tasin da ya ɗauko ni daga unguwar Nima, wanda ya karɓi sidi 60 bai rage mini ko kwabo ba, na tambaye shi ko na wane ne mutum-mutumin da ke bayana, sai ya ce yana zaton wani tsohon ɗan wasa ne. Ku dube shi da kyau: ɗan kallo ne ɗauke da ɗan'uwansa da ya galabaita, kuma an kafa shi ne domin tunawa da mutum 126 da suka rasu a cikin wannan fili.

Ranar Laraba ce, 9 ga Mayu, 2001, Hearts of Oak ta Accra ta karɓi baƙuncin Asante Kotoko ta Kumasi, ƙungiyoyin da ba su ga maciji da juna. Kotoko ce ke kan gaba da ci ɗaya, sai Ishmael Addo ya zura biyu ana gab da tashi. Magoya bayan Kotoko suka harzuƙa da alƙalin wasa, suka fara ɓalle kujerun roba suna jifa da su. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga matattakala domin tsira, suka tarar da ƙofofi a kulle, na baya yana danne na gaba har numfashi ya ƙare. Wannan na daga cikin asarar rayuka mafi muni da aka taɓa yi a filin wasa a Afirka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, da yawa daga cikin mamatan 'yan zango ne, wato mazauna unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi. Wani dattijo mai sayar da shayi a Nima, wanda muka zanta da shi cikin Hausa tamkar muna Fagge, ya ce mini a daren nan sun kwana suna zagaya asibitoci, ciki har da asibitin sojoji na 37, suna duba fuskokin gawawwaki ɗaya bayan ɗaya. Yana maganar yana goge kofi ɗaya, bai ajiye shi ba har ya gama. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba iyalansu haƙuri.

Shugaban Ghana na lokacin, John Kufuor, ya ayyana zaman makoki na kwana uku, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sam Okudzeto, kwamitin kuma ya ɗora wa 'yan sanda alhaki. An gurfanar da jami'ai shida, kotu ta sallame su duka. Wannan ne na kasa haɗiyewa, domin jifa da kujera laifi ne, amma hukuncinsa ba kisa ba ne. Wata guda kacal kafin nan mutum 43 sun mutu a filin Ellis Park na Johannesburg, kuma a 2022 aka maimaita ta'asar Accra kusan sak a Malang ta Indonesiya, inda barkonon tsohuwa da cunkoson ƙofa suka ci rai 135, alhali dokar FIFA ta hana amfani da shi a cikin fili.

Ni da na tashi ina kallon Kano Pillars, ina rera “Sai Masu Gida” har murya ta dushe, na san daɗin cikar fili, kuma ko a nan ban ga magoya bayan da suka kai namu ba. Shi ya sa nake gargaɗinku, musamman masu zuwa da yara. Idan kuka shiga fili, kafin ku nemi wurin zama ku nemi ƙofar fita, ku tabbata babu sarƙa ko kwaɗo a jikinta. Da zarar kun ga an fara jifa, kada ku tsaya ganin ƙarshen wasa, ku kama hannun yaranku ku fice tun matattakala ba ta cika ba.