Me ya sa oleik ke kashe wani yis ya bar wani?

Assalamu alaikum, ɗaliban Bayokemistiri na Samaru da ma duk mai kallo. Tambayar nan ta yawaita a guruf-guruf na ɗalibai: idan asid ɗin kitse irin oleik ya yi wa yis yawa, me ke cetonsa? Amsar da aka fi bayarwa ita ce, ai ƙone shi yake yi. Malami zai iya ba ka rabin maki, amma ba nan gizo ke saƙar ba.

Ga yis ɗin a allo, Saccharomyces cerevisiae, irin wanda masu gidan biredi a Sabon Gari ke zubawa a ƙullu. Asid ɗin kitse da ke yawo a sake yana da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa, don haka yana kutsawa cikin tantanin ƙwaya ya sassauta shi. Sabulu ma gishirin irin wannan asid ne. Da ya shigo, enzayim Faa1 da Faa4 su kama shi, su yi amfani da ATP (makamashin ƙwaya), su ɗaura masa wani sinadari mai suna CoA. Ya zama asil-CoA ke nan. Wannan kowa ya haddace, mu wuce.

Ƙonewar fa? Akwai ta. A yis, a cikin feroksisom, wani ɗan ɗaki a cikin ƙwaya, kaɗai ake yinta, da enzayim Pox1 da Fox2 da Pot1. Sai dai gulukos na danne waɗannan enzayim ɗin. Muddin akwai sukari a faranti, wannan hanya kusan a rufe take. To ina asil-CoA ɗin zai je?

Ku tsayar da bidiyon a nan idan kuna so, ku dubi inda layin ya rabu biyu. Ɗaura CoA bai kawar da haɗarin ba, ya dai shirya asid ɗin don a gina wani abu da shi. Hanya ta farko, ya shiga fosfolifid, kitsen da ake gina tantani da shi, wato a ƙara tantani. Ta biyu, a mayar da shi kitsen ajiya. Pah1 ne ke tsaye a mararrabar: yana cire fosfet daga asid ɗin fosfatidik ya bar DAG, kitse mai jela biyu. Daga nan Dga1 ya ɗauko asil-CoA ya liƙa jela ta uku, a sami TAG, wato kitsen ajiya mai jela uku. Lro1 ma TAG yake yi, amma shi ba ruwansa da CoA, daga jikin fosfolifid yake zaro jelar. Are1 da Are2 kuma sitirol, wani nau'in kitse irin kolestarol, suke liƙa wa jelar.

Me ya sa wannan ke aiki? TAG ba shi da kai mai son ruwa, saboda haka ba zai zauna a tantani ba. Taruwa yake yi a tsakanin fatu biyu na ER, tantanin cikin ƙwaya inda ake haɗa kitse, har ya kumbura ya zama ɗigon kitse, faɗinsa wajen nanomita 300 zuwa 400, da fata ɗaya tak. Rumbu ne. Ranar da ake bukata, Tgl3 da Tgl4 da Tgl5 su buɗe su ɗebo.

Hujjar tana hannun yis ɗin da aka cire wa ƙwayoyin gadon duka enzayim huɗun nan na ajiya, wato DGA1 da LRO1 da ARE1 da ARE2. Tun 2002 aka nuna cewa ba ya yin ɗigon kitse ko ɗaya, amma yana rayuwarsa lafiya. A 2009 masu bincike a Giraz ta Ostiriya da wasu a Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka nuna abin da ke faruwa idan an ba shi asid mai tagwayen haɗi (double bond) a sarƙarsa, irin oleik da falmitoleik. Babu wurin ajiya, sai komai ya kwarara cikin fosfolifid. Tantanin ER ya yi ta ninkuwa, ƙararrawar Ire1, furotin mai sanar da matsala a ER, ta tashi, ƙwayar ta mutu. Abin mamakin, falmitik, asid mara tagwayen haɗi wanda ya cika manja kuma ake ta zagi, wannan yis ɗin ya fi jure masa. Oleik na man zaitun da man gyaɗa, da ake yi wa kallon salihi, shi ne ajalinsa. A ganina wannan kaɗai ya isa a daina raba kitse gida biyu, mai kyau da mara kyau, ba tare da an tambayi inda ƙwayar ta kai shi ba.

Masu furojet, ga inda ake zamewa. Kada ku narkar da oleik da sinadarin narkarwa Tween 80, domin shi kansa oleik ne a jikinsa, farantinku na kwatance ya lalace tun ba ku fara ba. Ku nemi Tergitol ko Brij 58, kuma ku yi faranti ɗaya da sinadarin narkarwar kaɗai. Kada kuma a aiki wani kasuwar Samaru ya sayo man gyaɗa a zuba. Oleik ɗin da ke ciki a ɗaure yake a TAG, wannan yis kuwa ba gwanin fitar da lifes, enzayim mai kwance kitse, waje ba ne kamar yis ɗin Yarrowia lipolytica. Zai tsiro abinsa, ku kuma ku rubuta cewa babu guba.

Ku daidaita yawan ƙwayoyin da OD600, wato ma'aunin duhun ruwan yis, ku tsarma ninki 10 a kowane mataki, ku ɗiga a jere, kwana 2 zuwa 3 a digiri 30. Digiri 30 fa, ba zafin Zariya na watan Afrilu ba. Idan wuta ta ɗauke inkubeta ta yi zafi, tantani zai ƙara laushi, ba za ku iya rabe aikin zafi da aikin oleik ba. Kafin ku ƙirga komai, ku rina da Nile Red ku duba a madubin fuloresens: yis na asali zai nuna ɗige-ɗige masu haske, wanda aka cire wa huɗun kuma bai kamata ya nuna ba. Idan ya nuna, wani yis ɗin ya shiga kwalbarku, sai a koma firiza a ɗauko sabo.