Nauyin Harsashi da Manyan Namun Daji: Laccar da Aka Gabatar wa Maharba a Yawuri

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Sarkin Baka, iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa maharba. Abubuwa uku zan taɓa: nauyin harsashi, ƙirarsa, da yadda maharban wasu ƙasashe ke ɗura shi da hannunsu. Na baya, ku ɗaga hannu idan murya ba ta isa gare ku.

Na farko, nauyi. Masu ƙera harsashi suna awonsa da wani ɗan ma'auni da ake kira giren, kuma giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya. Lambar da kuke gani a sunan bindiga kuwa faɗin harsashin a ma'aunin inci take nufi. A 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375, wanda harsashinsa mai nauyi giren 300 ne, wato giram 19 da ɗoriya. Shekara ɗaya kafin nan kamfanin Rigby ya fito da .416 mai giren 410. A 1956 Winchester na Amurka ya kawo .458 mai giren 500, kimanin giram 32. Ƙasashe da dama na gabashi da kudancin Afirka, inda ake farautar ɓauna da giwa bisa lasisi, sun sanya .375 a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari dabba mai haɗari da shi.

To me ya sa ake neman nauyi? A nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni. Matasa da yawa sun ɗauka gudun harsashi ne ke kashe dabba, alhali abin da ke kashe ta shi ne harsashi ya ratsa fata da tsoka da ƙashi har ya isa zuciya ko huhu ko ƙwaƙwalwa. Harsashi mara nauyi mai tsananin gudu yakan tarwatse a kan allon kafaɗar ɓauna, ya bar rauni mai faɗi amma mara zurfi, dabbar ta shige duhuwa da ciwo da fushi, kuma wanda zai gamu da ita gobe wataƙila manomi ne ko yaro mai kiwo da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Iyayenmu masu baka sun san wannan tun kafin bindiga ta zo, domin siririyar kibiya mai nauyin kai ta fi mai faɗi mara nauyi nutsewa. Masana suna da lissafin da ke nuna ƙarfin nutsewar harsashi: a raba nauyin harsashi a laba da faɗinsa a inci wanda aka ninka da kansa. Giren 300 na .375 yana ba da 0.305, giren 500 na .458 yana ba da 0.341, kuma maharban manyan dabbobi sun daɗe da ɗaukar 0.3 a matsayin iyakar da ba a son sauka ƙasa da ita. Ku lura, gudun waɗannan harsasai bai kai na wasu bindigogin farauta masu ƙaramin harsashi ba: .375 yana yin kimanin ƙafa 2,500 a daƙiƙa, .458 kuma wajen 2,100. Ina maimaitawa, zurfin shiga ake nema. Maharbin da ya raunata dabba ya bar ta tana wahala ya ɗauki alhakinta, kuma addininmu ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa da yanka.

Ƙira kuma iri biyu ce. Akwai mai taushin baki, wanda dalmar kansa ke buɗewa idan ya shiga nama, akwai kuma dunƙulalle da ba ya buɗewa, wanda aka yi domin ƙashi mai kauri irin na kan giwa da dorina. Wani Ba'amurke, John Nosler, ya harbi wata babbar dabbar dawa a Kanada a 1946, harsashinsa ya kasa ratsa ta, sai ya ƙera wanda aka raba cikinsa gida biyu, gaba ya buɗe, baya ya riƙe nauyinsa ya ci gaba da tafiya, ya fara sayar da shi a 1948. Kun ga mun sake komawa kan nauyi.

Na uku, ɗuri, kuma a nan sai an kula da zafin rana, wanda mu mutanen Kebbi muka sani a watan Afrilu. Zafi yana ƙara wa albarushi ƙarfin turi a cikin bindiga. Dalili ke nan da Turawan Ingila suka yi wa harsasai irin su .470 Nitro Express manyan kwanso, domin matsin ya kasance ƙasa ko da an kai su ƙasashe masu zafi. Shi kuwa .458 ƙaramin kwanso gare shi, aka danƙara masa albarushi, ya riƙa dunƙulewa yana kasa ci yadda ya kamata, har wani maharbi mai suna Jack Lott, wanda ɓauna ta ji wa rauni a Mozambik a 1959, ya tsawaita kwanson a 1971. Masu ɗurawa da hannu a Amurka suna aiki da sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giren, da littafin awo na kamfani, kuma idan harsashi ya ƙara nauyi sai a rage albarushi.

(Wani dattijo ya yi tambaya: dorinar da ke cinye mana shinkafa tana kife jiragen masunta fa, ba za a ƙara wa bindigar toka albarushi da dalma a gama da ita ba?)

Baba, Allah ya ƙara girma, ina roƙonka kada a yi haka. Bututun bindigar toka ba a gwada shi da irin wannan matsi ba, kuma idan ya fashe, hannu da idon mai harbi yake ɗauka. Ko bai fashe ba, dalma zalla tana bajewa a kan ƙashin kan dorina, sai a samu dorina mai rauni a kogin da mata da yara ke tsallakawa kullum, wadda ta fi mai lafiya haɗari nesa ba kusa ba. Sannan Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi a gida, bindigar toka ma sai da lasisi. Hanyar ita ce Sarkin Baka ya kai kuka ga hakimi, masarauta ta sanar da jami'an gandun daji na jiha, su zo su tantance wace dabba ce ke ɓarnar, kuma idan sun yanke hukuncin a kashe ta, a kawo mai izini da bindigar da ta dace. Ranka ya daɗe, idan ka amince, bayan sallar la'asar sai mu zauna mu rubuta sunayen gonakin da abin ya shafa.