Yadda Ake Gano Matsalar Sauti a Na'urar Amsa-Kuwwa ta Jita Mai Bawul

Assalamu alaikum, masu kallo. Na'urar da ke kan teburin nan an haɗa ta da hannu ne bisa tsarin 6G15, wanda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1961, shi ne kuma makaɗa irin su Dick Dale suka yi suna da shi a Kalifoniya. Bawul uku ne a cikinta (kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti), wato 12AT7 da 6K6 da 12AX7, sai tankin sifirin, wato akwatin ƙarfe mai sifirin a ciki da ke samar da amsa-kuwwar, sai maɓallai uku da aka rubuta musu Dwell da Tone da Mixer. Kukan da masu haɗa ta suka fi yi shi ne jita ta dushe, ko amsa-kuwwar ta yi rauni, ko kuma ƙugi ya cika lasifika. Da yawa sukan garzaya sayen sababbin bawul da kafasitoci masu tsada, alhali ba su gano ɓangaren da laifin yake ba, kuma a ganina wannan asarar kuɗi ce.

Kafin ku sa hannu a ciki, ku sani akwai wutar da ta kusa volt 300, kuma manyan kafasitoci suna riƙe ta ko bayan an zare soket. Ku sauke cajinsu ta cikin resista, ku auna da mita har ku tabbata ta sauka. Wanda yake Najeriya ko Nijar kuma ya duba taransifomarsa da kyau, domin wadda aka yi don wutar Amurka ta volt 120 ba za ta jure wutarmu da ta haura volt 200 ba.

Sautin jita yana rabuwa biyu da zarar ya shiga. Kashi ɗaya yana bi ta rabin 12AX7 ya wuce kai tsaye ba tare da an ƙara masa ƙarfi ba. Ɗaya kashin kuma 12AT7 ce ke ƙara masa ƙarfi, ya bi ta Dwell, maɓallin da ke daidaita ƙarfin da za a tura wa tanki, ya isa 6K6, ita kuma ta tura shi ta ƙaramar taransifoma zuwa tanki, inda yake girgiza sifirin. Abin da ya fito daga tankin kaɗan ne ƙwarai, don haka ɗaya rabin 12AX7 ke sake ɗaga shi kafin Mixer ya gauraya shi da kashin farko. Aikin farko shi ne gano wace hanya ce ke da laifi.

Ku mayar da Mixer sifili ku kaɗa, sannan ku zare na'urar ku haɗa jita da amfilifaya kai tsaye ku kwatanta. Idan bambancin ɗan kaɗan ne, hanyar farko lafiyarta ƙalau. To yanzu ku ɗaga Mixer zuwa tsakiya. Idan a nan ne kaifin sautin ya tafi, mai yiwuwa ba ku yi kuskure a haɗin ba, halin tsarin ne tun asali. Mixer resista ce mai juyawa ta om dubu 250, kuma idan tana tsakiya sautin jita yana ratsa babban kaso nata kafin ya fita. Ita kuwa wayar da ke zuwa amfilifaya, kowace mita ɗaya tata tana aiki kamar kafasita ta kimanin fikofarad 100. Idan om dubu 100 suka haɗu da waya mai mita biyar, duk sautin da ya haura kimanin haz 3,000 (haz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya) zai fara raguwa, a nan ne kuwa ƙyallin jita yake. Maganin ya fi komai araha: gajeriyar waya mai kyau wadda ba ta wuce mita ɗaya ba, na'urar kuma a ajiye ta kusa da amfilifaya. Ku gwada doguwar waya da gajeriyar, ku saurari bambancin.

Idan amsa-kuwwar ce babu ko ta yi rauni, ku ɗaga Mixer da Tone, ku ɗan ƙwanƙwasa tankin da yatsa. Idan kun ji tsawa a lasifika, ɓangaren da ke bayan tanki yana aiki, laifin yana wajen 12AT7 ko Dwell ko 6K6 ko ƙaramar taransifomar. Idan shiru kuka ji, ku koma kan wayar da ke fitowa daga tanki da 12AX7. Wannan gwaji ɗaya yana raba aikin gida biyu.

Sai tankin kansa, wanda a nan aka fi samun kuskure. Ku dubi lambar da ke jikin wannan, 4AB3C1C, bisa tsarin lambobin Accutronics, kamfanin da ya yi fice wajen ƙera irin waɗannan tankuna. Harafin A yana nufin mashigarsa ta om 8 ce, B kuma mafitarsa ta om 2,250, harafin ƙarshe kuwa yana faɗin yadda za a kafa shi, a tsaye ko a kwance. Tankin da aka ciro daga amfilifaya mai taransista yawanci mashigarsa ta ɗaruruwan om ce, kuma taransifomar 6K6 ba za ta tura shi yadda ya kamata ba. Ku zare wayoyin tankin biyu ku auna shi da mita: mashiga za ta nuna kimanin om ɗaya, mafita kuma kimanin om 200. Idan mita ba ta nuna komai ba, ku kifa tankin ku duba siraran wayoyin nan da ke tashi daga soket ɗin tankin zuwa naɗin wayar da ke kowane ƙarshen sifirin, domin sukan tsinke daidai bakin dalma. Ku tabbata kuma ba ku musanya wayoyin biyu ba, sannan babu soso ko waya da ke taɓa sifirin.

Game da ƙugi, ku fara lura ko yana ƙaruwa idan an ɗaga Mixer. Idan haka ne, naɗin mafitar tanki ne yake ɗaukar maganaɗisun babbar taransifoma, sai ku juya tankin yadda gefen mafitar zai yi nesa da ita. Idan ƙugin bai damu da Mixer ba, sau da yawa dalilin shi ne na'urar da amfilifaya kowacce tana da wayar ƙasa, ga kuma wayar sauti ta sake haɗa su, sai wuta ta samu hanyar zagayawa. Ina roƙonku kada ku yanke wayar ƙasa don kawar da wannan ƙugi, domin ita ce ke tsakanin makaɗi da wutar da za ta iya kashe shi ta igiyoyin jitarsa. Ku haɗa su biyun a soket ɗaya tukuna. Idan bai wadatar ba, a raba ƙasar sauti da shasi, wato ƙarfen jikin na'urar, ta ƙaramar resista da dayod biyu, duka ukun a haɗe gefe da gefe, kowane dayod yana fuskantar akasin ɗan'uwansa, shasin kuma ya ci gaba da zama a haɗe da wayar ƙasa. Wayoyin volt 6.3 masu ɗumama bawul kuma a murɗe su da juna, a nisanta su da wayoyin shigar sauti.

Fito ko tsuwwa idan an ɗaga Dwell yakan fito ne daga wayar 6K6 da ta kwanta kusa da wayoyin shigar sauti. Da busasshen tsinken itace, hannu ɗaya a aljihu, ku ɗan matsar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya kuna saurare. Da shi kuma za ku taɓa gilashin kowane bawul a hankali, wanda ya yi ƙara kamar ƙararrawa shi ne za a sauya.

Sai bayan duk wannan ya dace a taɓa kafasita. Akwai ƙarama ta fikofarad 250 a hanyar amsa-kuwwa kusa da Tone, ita ke tace kaurin sauti. Idan amsa-kuwwar ta yi muku siriri da yawa, ku gwada ta 390, amma ku sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, ku naɗi sautin kafin sauyin da bayansa da maɓallan a wuri ɗaya, sannan ku kwatanta.