Amsoshin Tambayoyinku: Ƙofar Gida, Shinge da Janwe a Unguwannin Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a masu saurarenmu a Makka da Jidda da Madina, da duk inda muryar nan ta riske ku, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Saƙonnin wannan mako, na takarda da na WhatsApp, kusan duk a kan mota suka tsaya: inda za a ajiye ta, wanda ya tare wa wani ƙofa, da hanyoyin da ake rufewa. Wasu saƙonnin ma da zafinsu suka iso, sai da muka rage musu gishiri kafin su karantu a rediyo.

Za mu fara da wasiƙar wani dattijo daga Shari'a Mansur, wato yankin titin Mansur. Ya ce ya daɗe yana ajiye tsofaffin tayoyi biyu da galan cike da siminti a ƙofar gidansa, don ɗansa ya samu wurin fakin idan ya dawo aiki da dare. Sai wani saurayi da ya kama haya a gidan da ke kallonsu ya janye su ya ajiye tasa motar. Maganar ta kai har masallaci, jama'a suka rabu biyu. Yana tambaya, ashe mai gida ba shi da iko da ƙofar gidansa?

To Baba, Allah ya ƙara girma, amsar ba za ta yi maka daɗi ba. Ikonka ya tsaya inda katangarka ta tsaya. Abin da ke gabanta titi ne, titi kuwa na jama'a ne, kuma a dokar baladiyya (hukumar gari) ta ƙasar nan kame wuri a kansa da taya ko galan ko sarƙa laifi ne da ake cin tara a kai. Duk wanda ya ga dama zai iya ɗaukar hoto ya tura ta manhajar Balady, ko ya kira 940, a zo a kwashe. Da yaron nan ya bi ta wannan hanya, da kai za a rubuta wa takarda, ba shi ba.

Abin da kake da haƙƙi a kansa shi ne shiga da fita. Ba wanda ya isa ya toshe maka bakin gareji, ko ya liƙa mota a ƙofa har a kasa fito da keken mara lafiya ko makara. In an yi maka haka, gaskiya tana wajenka, kana iya kiran 911 su haɗa ka da 'yan murur, wato 'yan sandan hanya.

Maganar ba yau ta fara ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi hukunci idan mutane suka yi saɓani a kan hanya a bar faɗinta zira'i bakwai. Zira'i bakwai bai wuce mita uku da 'yan kai ba. Faɗin ƙaramar mota ɗaya ya kusa mita biyu. Ka duba lungunan Mansur da Hindawiyya, waɗanda aka yanka tun zamanin da kakanninmu ke isowa da ƙafa ta Sudan suna tsallako Bahar Maliya, ba wanda ya kawo mota a lissafi a lokacin. Yau gida ɗaya sai ka samu mota biyu ko uku, musamman tun 2018 da mata suka fara tuƙi. Lungun bai ƙara faɗi ba ko da taku ɗaya. In kowane gida ya kame gabansa, baƙon da ya zo gaisuwa ko duba mara lafiya a ina zai tsaya?

Shi ma saurayin, in yana jinmu, bai kyauta ba. Doka ta ba ka wurin, amma ba ta hana ka ƙwanƙwasa ƙofar sa'an mahaifinka ka yi sallama ba. Da ka yi haka, wataƙila da shi da kansa zai ce ka riƙa ajiyewa da rana, ɗansa ya samu da dare. Baba, kai ne babba, ka kwashe tayoyin nan da hannunka, sannan ka aika a kira maka shi.

Sai saƙo na biyu, daga wata baiwar Allah a Misfala. Ta ce da zarar azumi ya kama, tun kafin magariba ake datse hanyoyin da ke gangarawa Harami, mai tasi ba ya iya isowa ƙofarsu. Mahaifiyarta kuwa tana zuwa wankin ƙoda, sai an turo ta a keke mai nisa kafin a samu mota. Tana cewa, an rufe hanya don baƙi, mu 'yan gida laifin me muka yi?

Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Hajiya, kukanki yana kan hanya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai bari mu fara da dalilin rufewar. Makka kwari ce tsakanin duwatsu. Hanyoyin da ke kaiwa masallaci ƙidayayyu ne: titin Ibrahim Khalil ta wajenku, Ajyad, Gazza, Jarwal, sai ramukan da aka fasa cikin dutse. Idan liman ya sallame tarawihi, dubban ɗaruruwan mutane ne ke fitowa a lokaci guda, tsofaffi da yara da masu keke, kuma ta waɗannan 'yan hanyoyi za su bi. Mota ɗaya ta kutsa cikinsu ta tsaya, na baya ba su san abin da ya tsayar da na gaba ba, turawa kawai suke yi. Mutanen garin nan sun san abin da turmutsitsi ke yi, ba sai an ba su labari ba. Don haka ake ware hanyar ga masu ƙafa a lokutan salla, a tura ƙananan motoci manyan wuraren ajiya irin su Kudai da Jamarat da Zahir da Rusaifa, daga can bas ya kwaso mutane. Ni a ganina wannan tsari daidai ne, ko da ni ma yana sa ni zagaye.

Amma kasancewarsa daidai bai share hawayen mara lafiya ba. Ga abin da za ki yi. Na farko, ki je sashen wankin ƙodar tun watan Sha'aban ki roƙi a mayar da lokacin Mama safiya, bayan hantsi, domin a lokacin ne gari ke yin sako-sako, rufewar ta fi tsanani daga yamma zuwa bayan tarawihi, goman ƙarshe kuma har bayan tahajjud. Sannan ki riƙa fita da takardar asibiti da katin ikama (izinin zama), ki nuna wa jami'in da ke kan shinge cikin lalama. Shi umarni aka ba shi, faɗa da shi ba ya buɗe hanya. In jiki ya rikice, kada ki tsaya neman tasi, ki kira 997, motar asibiti ta Hilal Ahmar ba a tare ta kamar yadda ake tare motar haya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ba Mama kaɗai ce mara lafiya a layinku ba. Ku tattara gidajen da ke da masu wankin ƙoda da guragu da tsofaffin da ba sa iya tafiya, ku rubuta takarda ɗaya, ku kai wa umda, wato mai unguwa, ya sa hatimi ya miƙa gaba. Mu Hausawan ƙasar nan muna da wata ɗabi'a ta gudun ofis, kowa na tsoron kada magana ta jawo tambayar takardu. Sai mu zauna muna mita a majalisa, wadda ba mai yanke hukuncin da ke zama a cikinta. Wanda takardunsa ke daidai, shi ya kamata ya shige gaba a madadin saura.

Yanzu ga wasu saƙonni biyu da suka zo daga layi ɗaya a Rusaifa, kuma da alama kowannensu bai san ɗayan ya rubuto ba. Na farkon magidanci ne. Ya ce masu gudun cunkoson babban titi sun mayar da layinsu hanyar yanke, suna sheƙa gudu yara na wasa, don haka shi da wasu maƙwabta suna so su haɗa kuɗi su toshe baki ɗaya na layin da bulo. Na biyun mai shagon kayan masarufi ne. Ya ce rabin cinikinsa daga masu wucewa ne, in an toshe an kashe masa kasuwa, kuma masu son toshewar duk albashi suke ɗauka, ba ruwansu.

Malam mai shago, ka yi haƙuri, in aka ɗora ciniki da ran yaro a sikeli, ka san inda zai rinjaya. Amma kai ma Malam magidanci, bulon nan kada ku soma. Ba ku da hurumin rufe titi, ko da duk layin ya sa hannu. Tsara hanya aikin Amana ne, wato babbar hukumar birni, da hukumar murur, kuma abin da kuka gina da kuɗinku za a zo a rushe, a bi ku da tara. Tudun rage gudu ma da ake zubawa da dare ba izini, hukuncinsa ke nan. Ban da doka, ku tuna da wanda zai buƙaci bakin da kuka toshe: motar kashe gobara ta Difa'ul Madani, motar asibiti, motar shara, da wayit mai kawo ruwa ranar da famfo ya ƙafe. Babbar mota in ta shiga lungu mai baki ɗaya, da baya za ta fita, in ma ta samu shiga.

Tsakanin toshewa da barin abin yadda yake akwai fili mai yawa. Kuna iya neman a mayar da layin hanya mai bi ɗaya, ko a sa tudun rage gudu na hukuma da allonsa, musamman in akwai makaranta ko masallaci a kusa. Da haka gudu ya ragu, mai shago kuma bai rasa masu tsayawa sayen burodi da laban ba. Ku shigar da buƙatar ta 940, ku karɓi lambar ƙorafi ku adana, ku riƙa bibiya. Ku kuma sani cewa yawan motocin da ke bi ta yankinku ba zai koma kamar da ba. Tashar jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, a Rusaifa take. Aikin Masar, babban aikin sabon titi da gine-gine, wanda ya ci wani ɓangare na Hindawiyya da Tundubawi, shi ma ta yammacin garin ya ratso har kusa da Jabal Umar. Unguwar da ke bakin ƙofar shigowa daga Jidda dole ta sha mota.

Wani matashi direba ya ce ya tsaya sayen magani bai fi minti biyar ba, ya fito ya tarar janwe ya ɗauke motar, ga kuma saƙon tara a waya. Yana ganin an zalunce shi.

Ƙanina, minti biyar da awa biyar duk ɗaya ne a wurin da aka hana tsayawa. Tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba tana tsakanin riyal 100 zuwa 150, in kuwa wurin naƙasassu ka shiga, daga 500 ne zuwa 900, ban da kuɗin janwe da na wurin da aka tsare ta. Idan kana da hujjar cewa ba allo ba fenti a wurin, ko lambar motar ba taka ba ce, ka shiga manhajar gwamnati ta Absher ka ɗaukaka ƙara cikin kwana 30. In ba ka da hujja, ka biya da wuri, domin akwai rangwamen kashi 25 cikin ɗari ga wanda bai yi jinkiri ba. Wancan babban rangwame na rabi da aka fara a watan Afrilun 2024 don tsofaffin tara, wa'adinsa ya cika a Afrilun 2025, kada wani ya ruɗe ka da shi.

Wata uwargida daga Ka'akiyya tana tambaya a kan mataccen ƙarfen mota da ya shekara a bakin layinsu, tayoyi sun sace, kyanwoyi sun mayar da shi gida. Hajiya, wannan mai sauƙi ne. In kun san mai ita, maigida ya yi masa magana tukuna. In ya ƙi, ko ba a san shi ba, a kai rahoto ga baladiyya. Za su manna mata takardar gargaɗi, wa'adi ya cika su ɗauke.

Na ƙarshe, wani ɗan'uwa daga Jidda zai kawo iyayensa da suka zo daga Kano yin Umra cikin azumi, yana tambaya ko ya shigo da motarsa. Alhaji, in son samu ne ka bar ta a gida ku hau jirgin ƙasa zuwa Rusaifa. In tilas sai da mota, ka ajiye ta a wurin ajiyar da 'yan murur suka nuna maka ku shiga bas, kada ka ce za ka yi dabara ta lunguna ka liƙa ta a ƙofar mutane, don irin haka ne ya haifar da rabin wasiƙun da muka karanta yau. Motocin Bas ɗin Makka, da suka fara yawo a 2022, riyal 4 ne kuɗin shiga. Wannan na azumi ke nan. Lokacin Hajji dokarsa daban ce, ana buƙatar tasrihi, wato takardar izini, kafin a shigo garin ma, kuma akwai tambayoyi a kansa da muka ajiye sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da saƙonninku, ku riƙa faɗin unguwar da kuke. A huta lafiya, wassalamu alaikum.